Motar Tsere Ta Rimot: Tsadadden Darasin Da Muka Koya A Stapleton

Daga Niyok, Amurka

Da yammacin wata Asabar a ƙarshen watan Maris, muna tsaye a filin ajiye motoci na wani maƙwabcinmu da ya ba yara izinin wasa a ciki, a unguwar Stapleton da ke tsibirin Staten a birnin Niyok, sai motar tseren yaronmu ta tsaya cak tana tsakiyar gudu. Kafin mu ƙarasa inda take hanci ya riga ya ba mu labari, domin warin ƙonanniyar waya ne ya tarye mu, ga wani siririn hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin bodi. Duka-duka minti huɗu ta yi tana aiki da sabon injin da muka yi oda ta intanet, wanda mai sayarwa ya yi alƙawarin zai ninka gudunta. Yaron, wanda shekararsa 13, ya ɗaga motar ya jujjuya ta, sannan ya dube mu ya ce: "Baba, ba kun ce wannan injin ya fi tsohon ba?"

A daren muka shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, muka warware motar kaf. Abin da muka tarar ya ba mu kunya. Boris huɗu na tayoyi sun yi tsatsa har ba sa juyawa sai da ƙyar, giris ɗin akwatin giya ya koma baƙar laka, sannan kuma mun bar wa sabon injin babbar giyar da ta dace da tsohon. Ashe tun farko ba rashin ƙarfin inji ke damun motar ba, a ɗaure take. Mun ƙara mata ƙarfi ba mu kwance ta ba, ƙarfin ya koma zafi, zafin kuma ya cinye injin tare da na'urar da ke sarrafa gudu. Asarar ta haura dala 100, alhali cikakken jerin sababbin boris bai kai dala 30 ba.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan labari shi ne, iyaye da dama daga cikinmu suna saya wa 'ya'yansu irin waɗannan motoci da Sallah ko lokacin hutun ƙarshen shekara, kuma kusan kowa hanya ɗaya yake bi: mota ta rage gudu, a ruga a sayo babban inji. Masu tsere da suka daɗe a harkar akasin haka suke yi, domin su inji ne abu na ƙarshe da suke taɓawa.

Ba irin motar kanti ba ce

Ya kamata mai karatu ya bambanta motar wasa ta babban kanti, wadda idan ta karye sai kwandon shara, da motar tsere da muke magana a kai. Ita wannan, wadda ake kira bagi, an ƙera ta ne a kan kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Tsawonta bai wuce santimita 40 ba, nauyinta kuwa kimanin kilo ɗaya da rabi, amma tana da sitiyari da shakazoba huɗu masu mai a ciki da kuloci da akwatin giya, kuma kowane yanki nata, har ɗan ƙaramin noti, yana da lambarsa a littafin da ke zuwa da ita, ana iya sayensa shi kaɗai. Gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa ba komai ba ne a wurinta.

Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ne ya buɗe wannan fage a 1979 da motocin Rough Rider da Sand Scorcher, waɗanda ya kwaikwayo daga motocin tseren hamada na Amurka. Kyosho, shi ma na Japan, ya biyo baya da Scorpion a 1982. A 1984 Tamiya ya fitar da Grasshopper da Hornet masu sauƙin kuɗi, waɗanda suka shiga gidaje ba adadi, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Team Associated na Kalifoniya ya fito da RC10 mai gindin alminiyam ruwan zinare. Da RC10 ɗin ne Jay Halsey ya lashe gasar duniya ta farko ta bagin lantarki a garin Del Mar na Kalifoniya a 1985. Bayan shekara biyu, a Romsey ta ƙasar Ingila, Joel Johnson ya ci rukunin masu jan taya biyu da Kyosho Ultima, wani matashi ɗan Japan mai suna Masami Hirosaka kuma ya ci rukunin masu jan taya huɗu da Schumacher CAT ƙirar Ingila. Hirosaka ya ci gaba har ya tara kambun duniya 14. Hukumar IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya gasar duniya, ƙungiyar ROAR kuma ita ke tsara dokokin tsere a Amurka da Kanada tun 1967.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk waɗannan motoci a wawwarware ake sayar da su, mai saye shi ke haɗa abarsa, saboda haka ya san cikinta kafin ta taɓa ƙasa. Daga baya ne kamfanoni irin su Traxxas na jihar Texas, wanda aka kafa a 1986, suka yayata sayar da mota haɗaɗɗiya, a fitar daga kwali a hau gudu. Hakan ya sauƙaƙa shiga harkar, sai dai ya haifar da masu mota irinmu da ba su taɓa buɗe akwatin giya ba.

Gishirin Stapleton

Stapleton tana gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Staten, a bakin ruwan da jiragen ruwa ke bi su shiga tashoshin Niyok. Wanda ya taso daga Manhattan zai hau jirgin fito na minti 25, wanda kyauta ne tun 1997, ya sauka a St. George, sannan ya shiga jirgin ƙasa, tasha ta biyu ita ce Stapleton. Tasha ta gaba kuma Clifton ce, inda unguwar Park Hill take, wadda 'yan Laberiya suka cika tun lokacin yaƙin ƙasarsu a shekarun 1990, tare da sauran 'yan Afirka ta Yamma. Akasarin 'yan'uwanmu Hausawa na Gana da Nijar da Nijeriya suna can Bronx da Harlem, mu da ke wannan tsallake tsiraru ne.

Zaman bakin teku yana da daɗinsa, musamman tun da aka mayar da wani ɓangare na tsohon sansanin sojan ruwa, wanda aka rufe a 1994, wurin shan iska. Amma ga mai motar rimot iskar nan abokiyar gaba ce, saboda danshi da gishirin da take ɗauke da su. Ga kuma gishirin da hukumar tsaftar birni ke watsawa a tituna duk lokacin da dusar ƙanƙara ta sauka, wanda ragowarsa ke kwance a kwalta har shigowar bazara. Motarmu ta yi ta shiga narkakkiyar ƙanƙara a watan Janairu da Fabrairu, ana dawowa a cusa ta ƙarƙashin gado da jiƙonta. Abin da ya kashe boris ɗin ke nan. A Kano ko Maraɗi ƙurar hunturu ce za ta yi wannan ɓarna, a nan kuwa gishiri ne, kuma ya fi ƙura saurin ci.

Aikin bayan kowace fita

Kulawar da motar ke buƙata ba ta da wuya, kuma kayan aikinta ba su da yawa: sukudireba masu kai shida na milimita 1.5 da 2, ƙaramar filaya, sifanar taya, tsohon burushin haƙori, burushin fenti da tsumma. Ana dawowa daga wasa a cire batir tukuna, a karkaɗe ƙasa, a goge danshi. Kada a sa motar a ƙarƙashin famfo, ko da an rubuta a kwali cewa ba ta jin ruwa, domin kayan lantarkinta ne aka rufe, boris da sandunan ƙarfe suna nan a fili.

Daga nan a bi sukurori ɗaya bayan ɗaya, saboda girgiza tana kwance su. Wanda ya shiga cikin ƙarfe ana ɗiga masa shuɗin gam na riƙe zare, wanda ya shiga roba kuwa ba a sa masa, kuma ba a matse shi da ƙarfi, don da zarar ramin ya lalace sai an sake yankin gaba ɗaya. A ɗaga kowace taya a girgiza ta, a duba ko hannun da ke riƙe da ita ya tsage, ko sandar da yake lilo a kanta ta lanƙwashe.

Gwajin da ya fi kowanne amfani, wanda da mun yi shi da ba mu yi asara ba, bai fi na minti biyu ba. A cire ƙaramar giyar da ke bakin inji, a ajiye motar a ƙasa mai santsi a tura ta da yatsa. Lafiyayyar mota za ta sulale ta yi nisa ba tare da ƙara ba. Idan ta tsaya nan take, ko ana jin gurzo, to akwai boris da ya mutu ko wani abu da ya cije. Ana gane mataccen boris idan aka sa shi a bakin fensir aka juya, sai a ji kamar da yashi a ciki. Wanda bai yi nisa ba ana wanke shi a ɗiga masa mai marar kauri, wanda ya yi tsatsa kuwa a jefar.

Shakazoba, giya da kuloci

Bayan boris sai shakazoba. Man silikon ne a cikinsu, kuma lamba ce ke nuna kaurinsa, yawancin bagi suna aiki da mai lamba 30 zuwa 35. Man yana yoyo a hankali, iska ta maye gurbinsa, sai mota ta riƙa tsalle kamar akuya tana ƙwacewa a kwana. A saki motar daga tsayin kamu ɗaya ko biyu: idan ta sauka ta zauna, lafiya lau, idan ta yi ta bunƙasa ko gindinta ya bugi ƙasa da ƙarfi, lokacin canjin mai ya yi. Wajen zuba sabo a motsa sandar a hankali har kumfa ya gama fita kafin a rufe, kuma a tabbata na hagu da na dama sun zo daidai. Ƙananan zobban roba da ke hana yoyo kuɗinsu kaɗan ne, a sake su a lokaci guda.

Tsakanin ƙaramar giyar inji da babbar giyar da take juyawa dole a bar ɗan sarari. Dabarar da kowa ke yi ita ce a sa siririyar takarda tsakanin haƙoransu, a matso da injin a ɗaure, sannan a zare takardar. Idan sun matsu da yawa inji zai yi zafi, idan sun yi sako-sako haƙoran babbar, waɗanda na roba ne, za su zube.

A nan ne kuma kuskurenmu na biyu yake. A jikin kowane injin tsere akwai lamba da ke nuna yawan naɗin wayarsa, misali 17.5 ko 13.5 ko 7.5, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, injin ya fi saurin juyawa da shan wuta. Injin 17.5 yakan ɗauki giya irin mai haƙori 30 a kan mai 72. Idan aka raba 72 da 30 aka ninka da 2.6, wanda shi ne lissafin cikin akwatin giyar bagi da yawa, za a samu 6.24, wato inji ya juya sau shida da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Injin mai ƙaramar lamba kuwa yana son kamar 22 a kan 78, abin da ke ba da kusan 9.2. Ma'ana, mai saurin inji ƙaramar giya ake sa masa. Mu kuwa mun bar masa babba, tamkar direban da ya ɗauko lodi ya nufi hawa da giya ta biyar. Ƙa'idar da masu tsere ke bi ita ce a yi gudun minti biyu ko uku a tsaya a auna zafin injin. Idan ya doshi digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, a rage haƙori ɗaya ko biyu. Wanda ba shi da na'urar auna zafi ya ɗora yatsa, in ba zai iya daƙiƙa uku ba, zafin ya yi yawa.

Cikin akwatin giya akwai na'urar da ke ba tayoyin baya damar juyawa da gudu daban-daban a kwana, wadda masu harkar ke kira dif. Iri biyu ce, mai ƙananan giyoyi da ke iyo cikin mai, da mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe. A riƙe motar a juya taya ɗaya, ɗayar za ta juya baya. Idan an ji sumul, babu matsala, idan an ji gurzo, a buɗe a wanke a sa sabon giris. Kulocin da ke jikin babbar giya kuma aikinsa ya ɗan zame lokacin da aka taka totur da ƙarfi ko mota ta diro daga tsalle, don ya kare haƙoran giya. Wanda ya ɗaure shi tamau don neman tashi da sauri, dif ɗinsa ne zai biya.

Me ya kamata a fara sauyawa?

Idan mota ta samu lafiya, sannan ne maganar ƙarin kaya ke da ma'ana, kuma ita ma tana da tsari. Na farko taya. Babu abin da ke sauya halin bagi kamar tayar da ta dace da ƙasar da ake gudu a kai: mai dogayen ƙayoyi don sako-sakon ƙasa, mai laushi marar zane sosai don dandaɓaɓɓen yumɓu, mai ƙananan ƙayoyi don kafet. Tayar ƙasa idan aka hau kwalta da ita, fita biyu ko uku ta zama sanƙo. A riƙa duba gam ɗin da ya manne taya da wili, da soson da ke cikinta.

Na biyu, motocin masu koyo da yawa suna zuwa da zobban roba ko na tagulla a maimakon boris. Sauya su da boris na gaske shi ne ƙarin da ya fi kowanne arha, kuma yana ƙara gudu da daɗewar batir a lokaci guda. Na uku shi ne ɗan injin da ke juya sitiyari. Mai giyar ƙarfe da saurin amsawa yana sa mota ta bi umarnin hannu nan take. Na huɗu rimot. Wanda ya gaji tsohuwar mota mai doguwar eriya, irin mai aiki da ƙaramin kiristal a zangon megahaz 27 ko 75, ya san yadda mutum biyu ke karo a zango ɗaya mota ta ƙwace ta bi rimot ɗin wani. Tun da Spektrum ya kawo tsarin gigahaz 2.4 a 2004 wannan matsala ta kau, kuma yau ana samun irinsa da sauƙin kuɗi.

Sai a ƙarshe inji. Tsohon samfuri mai burushin gawayi yana buƙatar wanki da sauyin gawayi, sabon samfuri marar burushi kuwa, wanda ya mamaye fagen tsere tun ƙarshen shekarun 2000, kusan boris ɗinsa kawai ake kula da shi. Amma dole a duba iyakar da aka rubuta wa na'urar sarrafa gudu, domin kowace tana da lambar injin da ba za ta iya ɗaukar ƙasa da ita ba. Tamu ba a yi ta don injin da muka haɗa ta da shi ba, kuma an rubuta hakan a takardarta, mu ne ba mu karanta ba.

Akwai kuma tarkon kayan alminiyam masu launi, shuɗi da ja da ruwan zinare, waɗanda ke ɗaukar idon yara da manya. A wasu wurare suna da amfani, kamar mazaunin inji da sassan sitiyari. Amma hannun taya da gangan aka yi shi da roba, don ya lanƙwasa ya dawo, in bugun ya yi yawa kuma ya karye shi kaɗai, a sake shi da 'yan daloli. Na alminiyam ba ya karyewa, sai ya lanƙwashe ya zauna a haka, ko ya tura bugun zuwa akwatin giya ko gindin motar, waɗanda suka ninka shi tsada. Gara a ajiye hannun roba biyu a akwatin kayan aiki.

Wanda ya taɓa kallon tsere zai fahimci dalilin wannan tsari. Zagayen neman gurbi yawanci na minti biyar ne, kuma wanda ya fi yawan kewaye shi ne a gaba, wata 'yar na'ura da ke cikin kowace mota ce ke ƙirgawa. Mota idan ta kife sai ta jira mai tsaron fili ya rugo ya tayar da ita, daƙiƙoƙi suna tafiya. Babban inji bai fi ya ba mutum wani ɗan ɓangare na daƙiƙa a miƙaƙƙiyar hanya ba, kifewa ɗaya kuma ta cinye ribar kewaye goma. Shi ya sa ake fara sababbin shiga da inji 17.5 ko wanda bai kai shi ba.

Batir: a nan wasa ya ƙare

Duk abin da muka lissafa a baya asarar kuɗi ce kawai, maganar batir kuwa ta shafi rai. Motocin da suna aiki da batirin nikel mai ƙwaya shida, mai ƙarfin bolt 7.2. Na yanzu na litiyam ne, wanda ake rubuta wa LiPo, mai ƙwaya biyu da ƙarfin bolt 7.4. Ya fi sauƙin nauyi da ƙarfi, amma ba ya yafe ganganci. Kowace ƙwaya ba ta wuce bolt 4.2 wajen caji, ba a barin ta ta sauka ƙasa da 3, kuma idan za a ajiye batirin fiye da 'yan kwanaki sai a bar shi a kan kimanin 3.8. Cajar da aka yi domin LiPo kaɗai ake amfani da ita, mai daidaita ƙwayoyin biyu, kuma batir mai lamba 5000 a yi masa caji a kan amfiya 5, wanda zai ɗauki kusan awa guda. Batirin da ya kumbura, ko ya fashe a gefe, ko ya sha mummunan bugu, ya gama aiki, kada a ce bari a ƙara lallaɓa shi.

Mazauna Niyok ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Hukumar kashe gobara ta birnin ta ƙirga gobara 268 da batiran litiyam suka haddasa a 2023, inda mutum 18 suka rasu. Galibinsu daga kekuna da baburan lantarki ne, waɗanda batiransu suka ninka na motar rimot girma nesa ba kusa ba, amma sinadarin dangi ɗaya ne, kuma ƙaramin ma ya isa ya kama katifa ko labule. A unguwa irin tamu, inda rukunin gidajen gwamnati na Stapleton Houses kaɗai ke da gidaje kusan 700 a dogayen benaye, wutar ɗaki ɗaya ta kowa ce. Don haka a yi caji a kan tayil ko siminti, a cikin jakar da ba ta cin wuta, nesa da gado da ƙofar fita, kuma babba yana wurin. Kada a jona a kwanta barci, kada a jona a tafi aiki. Idan batir ya fara hayaƙi ko huci, a fitar da kowa, a rufe ƙofa, a kira 911. Dokar jihar Niyok ta hana jefa batiri mai caji a shara, akwai kantunan da ke karɓa da kuma wuraren da hukumar tsafta ta keɓe a kowace gunduma.

Wurin gudu da tsadar kaya

Wani abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, dokokin wuraren shaƙatawa na birnin ba su yarda a yi wasa da motoci ko jiragen rimot ba sai a inda aka keɓe, kamar filin ƙananan jirage da ke dajin LaTourette a tsakiyar tsibirin. Saboda haka dandalin Tappen da ke tsakiyar Stapleton ba filin tsere ba ne, balle titin Bay mai cunkoson motoci. Mai son tsere na sosai sai ya nemi filayen cikin gini da ke jihar New Jersey ko Long Island, ya kuma tambayi irin ƙasar filin da irin injin da suka yarda da shi kafin ya sayi komai.

Kayan gyara ma sun ƙara nauyi a aljihu. Akasarinsu daga Caina da Taiwan da Japan suke zuwa, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta soke sassaucin da ke barin ƙananan kaya na ƙasa da dala 800 su shigo ba haraji, da farko ga Caina a watan Mayu, sannan ga sauran ƙasashe a ƙarshen Agusta. Shawarar da za mu ba mai niyyar saye, musamman na hannu, ita ce ya fara bincika ko ana samun kayan gyaran motar a nan cikin ƙasa. Wasu tsofaffin ma sun yi sa'a, domin Tamiya ya sake fitar da Hornet a 2004 da Grasshopper a 2005, Team Associated kuma ya dawo da RC10 a 2013.

Abin da yaron ya samu

Da yawanmu da muka taso a gida mun yi motar kara ko ta gwangwani, muka yanka tsohon silifas muka yi mata taya, muka ja ta da zare a lungu. Ba wanda ya saya mana kayan gyara, in ta karye mu ne bakanikenta. Daga irin waɗannan yara ne ake samun masu hannu na Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano da kasuwar Katako a Yamai. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su da kara, kuma kusan duk abin da ke hannunsu, daga waya zuwa kwamfuta, an rufe shi yadda ba za su iya buɗewa ba. Bagi tana cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda yaro zai warware har ƙarshe ya mayar da hannunsa.

Mako uku muka ɗauka muna tayar da tamu, kuma sharaɗin da muka gindaya shi ne yaron ne zai riƙe sukudireba, mu namu karanta littafi da haska tocila. Ya sake boris duka, ya wanke dif, ya zuba sabon mai a shakazoba, ya manna sababbin tayoyin kwalta. Muka mayar da tsohon injin da muka raina, da na'urar sarrafa gudu mai sauƙin kuɗi daidai da shi. Ranar da muka koma filin maƙwabcin namu, muka jera robobin ruwa muka yi kwanoni, motar ta yi minti goma sha biyu a kan caji ɗaya, aka taɓa injin ɗumi kawai ya yi.

Yanzu yana da ɗan littafi da yake rubuta ranar da ya canja mai, da lambar giyar da ya sa, da abin da ya gani bayan kowane sauyi, kuma ya koyi kada ya sauya abu biyu a lokaci ɗaya, don ya san wanne ne ya yi aiki. Ƙonannen injin yana nan a kan tagar ɗakinsa, ya hana a jefar. Kuɗin da yake tarawa kuma ya ce na injin sitiyari ne, maganar babban inji sai baɗi.